Ƙarfen da ya ƙi fita daga bututan kabon bayan wanki da asid: ina mafita?

Ɗalibar Digiri na Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu aiki a fannin kimiyyar sinadarai. Ina neman shawararku a kan tsarkake ƙananan bututan kabon, waɗanda aka fi sani da nanotub, domin aikina ya tsaya cak a wannan mataki.

Samfurin da ke hannuna na bututai ne masu bango ɗaya, waɗanda aka sarrafa ta hanyar HiPco, wato hanyar da ake tura iskar kabon monoksaid cikin matsi da zafi mai yawa, tare da sinadarin baƙin ƙarfe a matsayin katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai. Ɗanye aka kawo mini shi, ba a taɓa tsarkake shi ba. Da na ƙona kaɗan daga ciki a na'urar TGA, wadda ke auna nauyin abu yayin da ake ƙara masa zafi a cikin iska, jar tokar da ta rage ta zarce kashi ɗaya cikin uku na nauyin farko. Sai na jiƙa garin a cikin asid haidirokulorik mai ƙarfi, na motsa shi sosai, na tace, na wanke shi da ruwa har ruwan ya daina nuna alamar asid. A wankin farko ruwan ya fito rawaya, wanda ya nuna mini cewa wani abu ya narke, amma daga nan duk maimaitawar da na yi ruwan garau yake fitowa, alhali tokar ba ta ragu da yawa ba, kuma har yanzu garin yana bin maganaɗisu idan na kusantar da shi jikin kwalbar.

Manufata ita ce in shafa bututan a kan ilektirod, wato ɗan sandan da ke sada lantarki da ruwan gwaji, domin gano haidirojin feroksaid a cikin ruwa. Saboda haka ina so in fahimci dalilin da ya sa asid ɗin ya kasa, in kuma san ko ya dace in koma ga tafasawa a cikin asid naitirik kamar yadda na ga wasu suna yi, sannan in ji yadda ake tabbatar da cewa tsarkin ya kai inda ake buƙata. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Sinadarai ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani haka wannan samfuri yake yi wa kowa, kuma dalilinsa yana cikin yadda bututan ke samuwa tun farko. A cikin tanderun HiPco, hanyar da rukunin Richard Smalley na Jami'ar Rice a Amurka suka bayyana a shekarar 1999, sinadarin da ake kira ayon pentakabonil yana wargajewa ya zama ƙwayoyin baƙin ƙarfe masu girman 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma a kan waɗannan ƙwayoyi ne bututan ke tsirowa. Sai dai ba kowace ƙwaya ce ke fitar da bututu ba. Da yawa daga cikinsu kabon ne ke lulluɓe su ta kowane ɓangare, ya yi musu ɓawo mai tsari irin na girafait, wato baƙin kabon da ke cikin fensir, wani mai hawa ɗaya ko biyu, wani fiye da haka. Asid haidirokulorik yana narkar da baƙin ƙarfe sarai idan ya same shi, amma ba ya cin kabon ko kaɗan, saboda ba ya cikin sinadarai masu ƙona abu da oksijin. Rawayar da kika gani a wankin farko ta fito ne daga ƙwayoyin da suke a buɗe, ko waɗanda ɓawonsu ya riga ya tsage. Sauran suna nan a kulle, kuma ko shekara suka yi a cikin asid ɗin ba zai kai gare su ba. Don haka ƙara ƙarfin asid ko tsawon lokacin jiƙawa ba zai canza komai ba.

Aikin yana da matakai biyu, kuma jerinsu shi ne muhimmin abu: a fara fasa ɓawon, sannan a narkar da ƙarfen. Hanyar da na fi amincewa da ita ga irin samfurinki ita ce wadda Chiang da abokan aikinsa na wannan rukuni na Rice suka wallafa a 2001. Ana shimfiɗa garin a cikin tanderu, a bar iska mai oksijin da laima ta riƙa ratsa shi a wajen digiri 225 na ma'aunin Selsiyos na sa'o'i masu yawa. A wannan zafi bututan ba su ƙonewa sosai, amma oksijin da tururi suna samun shiga ta ƙananan raunukan ɓawon su isa ga ƙarfen, shi kuma ya yi tsatsa a can ciki. Tsatsa ta fi ƙarfe ɗaukar wuri. Nauyin santimita ɗaya mai kubik na baƙin ƙarfe ya kai giram 7.9, na jar tsatsa kuwa giram 5.2 ne kawai, ga kuma nauyin oksijin da ya ƙaru, saboda haka idan kika yi lissafi za ki ga ƙwayar tana kumbura ta ninka girmanta har da ɗan ɗoriya. Ɓawon ba shi da inda zai miƙe, sai ya tsage, kamar yadda rodi ke fasa kankare daga ciki idan ya yi tsatsa. Akwai kuma taimako na biyu: tsatsar kanta tana hanzarta ƙonewar kabon da ke manne da ita, don haka ɓawon ne ke fara cinyewa kafin bututan da ke nesa da ƙarfe. Bayan an fito da garin sai a mayar da shi cikin asid haidirokulorik, kuma a wannan karo za ki ga rawayar ta dawo da ƙarfinta.

Zagaye ɗaya ba ya wadatarwa, domin ɓawo mai kauri ba ya tsagewa a digiri 225. A wancan aiki an maimaita ƙonawar da wankin a zafi mafi yawa, wajen digiri 325, sannan wajen 425, na ɗan gajeren lokaci, kuma tsakanin kowane mataki ana cire ƙarfen da ya bayyana. Hikimar hawa mataki-mataki ita ce, muddin ƙarfe yana da yawa, yana sa kabon ya kama ƙonewa a zafi kaɗan. Idan an rage shi, sai samfurin ya iya jure zafin da zai cinye kabon maras tsari, wato wannan kunkunniyar da ke manne a jikin bututan, ba tare da ya cinye su ba. A ƙarshe ana gasa garin a wajen digiri 800 a cikin iskar agon, inda babu oksijin, domin a kori ragowar asid da rukunonin oksijin da suka maƙale a bangon.

Ina jan hankalinki a kan abu biyu da na ga sun lalata wa mutane samfuri. Ɗanyen garin HiPco yana iya kamawa da wuta a cikin tanderu idan an tara shi tudu guda ko aka ɗaga zafin da gaggawa, saboda ƙwayoyin ƙarfen suna fitar da zafi yayin da suke tsatsa, garin kuma ba ya watsar da zafin. Ki shimfiɗa shi siriri a cikin kwanon alumina, ki riƙa ƙara zafi a hankali, kuma ki fara da ɗan kaɗan. Na biyun shi ne kada ki ɗauki adadin zafi daga aikin da aka yi a kan wasu irin bututai. Ebbesen da Ajayan da abokansu na kamfanin NEC a Japan, inda Sumio Iijima ya bayyana bututan a 1991, sun tsarkake nasu a 1994 ta ƙona su a iska a wajen digiri 750, kuma abin da ya rage musu kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Waɗancan bututai ne masu bango da yawa, marasa ƙarfe, amma duk da haka asarar ta kai wannan matsayi. Naki masu bango ɗaya ne, faɗinsu wajen nanomita ɗaya, kuma gwargwadon sirantar bututu gwargwadon lanƙwasar bangonsa, lanƙwasar nan kuwa tana sa haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin kabon ya kasance cikin takura, ya fi saurin karɓar oksijin. A zafin da bututu mai bango da yawa zai jure, naki ba za ki tarar da komai ba sai toka.

Mai Aikin Haɗa Robobi da Kabon ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara ilimi. Ni dai ina so in ɗan yi wa asid naitirik adalci, tunda Malama ta tambaya a kansa, kuma da shi nake aiki kullum.

Fifikonsa a kan haidirokulorik shi ne yana yin ayyukan biyu a tukunya ɗaya: yana cin kabon, yana kuma narkar da ƙarfe. Tun a 1994 rukunin Malcolm Green na Jami'ar Oxford a Ingila suka nuna cewa tafasawa a cikinsa tana buɗe bakunan bututai, saboda a baki ne lanƙwasa ta fi tsanani. A 1998 Rinzler da abokansa suka yi amfani da naitirik mai ƙarfin mola 2 zuwa 3 (mola ma'auni ne na yawan asid a cikin lita ɗaya), suka tafasa samfuri mai yawa a cikinsa na sa'o'i 45 da na'urar da ke mayar da tururi cikin tukunya, sannan suka tace. Shekara ɗaya bayan haka Dillon da abokanta suka gajarta tafasawar zuwa sa'o'i 16 a mola 3, suka biyo da ƙonawa a iska a digiri 550. Waɗannan hanyoyi sun yi aiki, kuma suna da wata riba da mu masu gauraya bututai da roba ko ruwa muke nema: asid ɗin yana dasa rukunonin kaboksil, wato ƙananan haɗin kabon da oksijin da haidirojin masu ɗabi'ar asid, a baki da wuraren rauni na bututun, waɗanda ke sa garin ya watsu a ruwa maimakon ya dunƙule.

Sai dai dole in faɗi gaskiya, duka waɗannan ayyuka biyu na ƙarshe an yi su ne a kan bututan da aka samar da hasken leza, masu katalis na nikel da kobalt, waɗanda suka fi na HiPco faɗi, suka kuma fi su juriya. Asid naitirik ba ya bambanta bangon bututu da ɓawon ƙwaya sosai, yana cin wanda ya fi rauni da sauri ne kawai, kuma rukunin Robert Haddon na Jami'ar Kalifoniya a Riverside sun nuna a 2003 cewa gwargwadon ƙarfin asid da tsawon tafasawa, gwargwadon yawan bututan da ke lalacewa. Wato ƙarfe yana raguwa, amma wani sabon datti yana samuwa daga jikin bututan kansu.

Wannan sabon datti shi ne abin da na fi so Malama ta sani. Idan kika tafasa a naitirik kika fara wanki, da farko ruwan da ke sama zai fito kusan garau, amma da zarar asid ya ragu sai ki ga ya koma baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa. Gutsattsarin kabon ne da asid ya ɓarɓasa ya cika su da rukunonin kaboksil. Ba su narkewa a ruwa mai asid, suna narkewa idan asid ya tafi. Wanki da ruwa kaɗai ba ya fitar da su duka, wasu suna manne wa bangon bututun su lulluɓe shi. A 2007 rukunoni biyu a Ingila, na Green a Oxford da na Milo Shaffer a Kwalejin Imperial ta Landan, suka nuna cewa wanki da ruwan sodiyom haidiroksaid yana ɗauke su, kuma aikin Oxford ya nuna cewa mafi yawan kaboksil da ake zaton suna jikin bututun, a kan waɗannan gutsattsari suke. Saboda haka duk wanda ya yi amfani da naitirik, wajibi ne ya biyo da wankin alkali har ruwan ya daina fitowa da launi, sannan ya mayar da ɗan asid, ya ƙarasa da ruwa.

Abin da zan hana ki kai tsaye shi ne gaurayen salfurik da naitirik masu ƙarfi, kashi uku da kashi ɗaya, tare da girgizawa a na'urar sauti. Mutane da yawa suna kiran wannan tsarkakewa, alhali Liu da abokansa sun fito da shi ne a 1998 domin yanka bututai zuwa guntaye masu tsawon nanomita 100 zuwa 300. Ga ilektirod da ke buƙatar dogayen bututai su sarƙe da juna su ɗauki lantarki, wannan hasara ce. Hukuncina a kan samfurinki ya zo ɗaya da na Malam a ƙarshe: ki bi hanyar iska, naitirik kuwa ki ajiye shi sai idan kina buƙatar garin ya watsu a ruwa, kuma ko a lokacin ya zama mai sauƙin ƙarfi da gajeren lokaci.

Ɗalibar Digiri na Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Yaya. Yanzu na gane dalilin da ya sa ruwan ya daina yin rawaya alhali maganaɗisu bai daina jan garin ba. Damuwata ita ce tanderun da nake iya samu na akwati ne, ba mai siffar bututu ba, kuma ba shi da hanyar shigar da iska mai laima. Shin akwai hanyar fasa ɓawon a cikin ruwa wadda ba ta kai naitirik ɓarna ba? Haka kuma har yanzu ban san iyakar da zan tsaya ba. Idan toka ta sauko zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari, zan iya ɗauka cewa abin da ilektirod ɗina ya nuna aikin bututan ne?

Mai Binciken Ilektirod ta amsa:

Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta sa na shigo, domin amsarta a'a ce, kuma a aikinki wannan ya fi duk sauran maganar nauyi. A farkon shekarun 2000 an wallafa rahotanni da yawa da ke cewa bututan kabon suna hanzarta wasu sauye-sauyen sinadarai a kan ilektirod. A 2006 rukunin Richard Compton na Oxford suka nuna cewa a wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye, har da na haidirazin da na haidirojin feroksaid, ragowar baƙin ƙarfen katalis ne ke yin aikin. Daga baya Martin Pumera da abokan aikinsa suka ƙara nuna cewa wankin asid ba ya kawar da wannan ragowa gaba ɗaya, kuma ɗan abin da ya saura yana iya mamaye sakamakon. Ke kuwa feroksaid ɗin ne ainihin abin da kike son ganowa, sinadarin da baƙin ƙarfe ya fi shahara da wargazawa. Kashi biyu cikin ɗari adadi ne mai kyau ga mai yin roba mai ƙarfi, amma a kan ilektirod ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kuma bayan kin tsaga ɓawonsu, waɗanda ba su narke ba sun fi samun hanyar taɓa ruwa fiye da da.

Saboda haka shawarata ita ce kada ki rataya hujjarki a kan adadin tsarki. Ki ajiye kaso daga kowane mataki, ɗanye da wanda aka wanke sau ɗaya da wanda aka kai ƙarshe, ki yi ilektirod da kowannensu da nauyi iri ɗaya, ki auna ƙarfen kowanne, sannan ki duba yadda siginar ke tafiya. Idan tana raguwa tare da raguwar ƙarfe, kin san mai aikin. Ki ƙara da ilektirod na garin girafait mai tsarki domin kwatance. Wannan gwaji ba shi da tsada, kuma shi ne zai tsaya miki a gaban duk mai tuhumar sakamakonki.

Game da hanyar ruwa, akwai wadda ta dace da samfurinki daidai, ita ce gauraya haidirojin feroksaid da asid haidirokulorik a tukunya ɗaya, wadda Wang da abokansa na Rice suka wallafa a 2007, ana ɗumama ta tsakanin digiri 40 zuwa 70 kawai. Tana amfani da abin da ake kira haɗuwar Fenton: baƙin ƙarfe yana wargaza feroksaid ya haifar da ƙwayoyin haidiroksil masu tsananin cin kabon amma masu gajeren rai, saboda haka ɓarnarsu tana aukuwa ne kusa da ƙarfen, wato a kan ɓawon. Da zarar ɓawon ya huje, asid ɗin yana nan a shirye ya narkar da ƙarfen ya janye shi cikin ruwa, kuma wannan yana rage cin da za a yi wa bututan bayan an gama da ɓawon. Ki kula da cewa haɗuwar tana fitar da zafi da kumfar oksijin, tana kuma iya sakin iskar kulorin, don haka a cikin akwatin zuƙar hayaƙi za ki yi ta, a buɗaɗɗiyar kwalba mai fili, kina zuba feroksaid kaɗan-kaɗan. Kada ki taɓa rufe ta, ko ita ko kwalbar da kika zuba ragowar ruwan.

Ma'aunin tsarki kuwa babu na'ura ɗaya da ke ba da shi. Tokar TGA tsatsa ce, ba ƙarfe zalla ba, kuma kashi 70 cikin ɗari na nauyinta ne baƙin ƙarfe, don haka sai kin ninka adadin da 0.7, wato tokarki ta farko tana nufin ƙarfe kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan toka ta yi ƙasa sosai, TGA ba ta da amana, saboda samfurin 'yan miligiram ne. A nan sai a ƙone kabon ƙurmus, a narkar da tokar a asid, a auna da na'urar ICP, wadda ke gano adadin ƙarfen da ke narke a ruwa ko da kaɗan ne. Idan aka jiƙa garin a asid kawai aka auna ruwan, ƙarfen da ke kulle ba zai shiga lissafi ba, kuma matsalarki ta farko ce za ta dawo ta wata fuska. Siffar layin TGA ma tana da amfani: idan ƙarfe ya ragu, zafin da garin ke fara ƙonewa yana hawa sama.

Na'urar Raman, wadda ke haska samfuri da leza ta zana layin hasken da ya dawo, tana nuna tudu biyu da kowa ke dubawa, na D a wajen 1350 da na G a wajen 1590 a ma'auninta, kuma ana ɗaukar ƙanƙantar D a kan G alamar lafiyar bango. Amma D yana tashi saboda kabon maras tsari, yana kuma tashi saboda raunin bututu, don haka idan tsarkakewa ta cire na farko ta ƙara na biyu, adadin yana iya tsayawa wuri ɗaya ki zaci ba abin da ya faru. Ki riƙa duba ƙananan tudun da ke ƙasa da 350, waɗanda ke fitowa daga numfashin bututu, wato buɗewa da tsukewar faɗinsa. Waɗanda suka fi kusa da 350 na siraran bututai ne, kuma idan suka ɓace bayan wani mataki, kin ƙone siraran. Ki kuma sani cewa asid, musamman naitirik, yana janye ilektiron daga bututan ya dusashe wasu alamominsu na haske, shi ya sa ake kwatanta samfura bayan gasawa a agon. Idan kina da na'urar auna shan haske har zuwa yankin da ke ƙasa da ja, hanyar Itkis da Haddon ta 2003 tana kwatanta yawan bututai da yawan sauran kabon, wanda TGA ba ta iya rabewa da kyau. Hoton TEM, wato madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, shi ne zai nuna miki ƙwayoyin da idonki, baƙaƙen ɗigo a cikin zobba, da kuma zobban da suka zama fanko bayan ƙarfen ya fita, sai dai abin da yake gani ɗan mitsitsin wuri ne, saboda haka ki ɗauki hotuna daga wurare daban-daban. Waɗannan fankon ɓawo su ne dattin da ya fi wuyar fita, domin tsarinsu na girafait ya fi na bututanki jure wuta. Tobias da Green da abokansu sun nuna cewa tururin ruwa a cikin agon a digiri 900 yana cin irin wannan kabon a hankali ba tare da raunata bango sosai ba, amma wannan sai da tanderun bututu.

Malamin Sinadarai ya ƙara da cewa:

Na yarda da duk abin da Dakta ta faɗa, musamman gwajin kwatance. Malama, rashin tanderun bututu bai rufe miki hanyar iska ba. A tanderun akwati za ki iya ƙona garin a iska ta yau da kullum a digiri 200 zuwa 225, ki ajiye ɗan kwanon ruwa a gefe domin laima, sai dai ki auna zafin wurin da samfurin yake da ma'auni na daban, saboda irin wannan tanderu yakan zarce adadin da aka saita masa a lokacin hawa, kuma zarcewar digiri talatin ko arba'in ta isa ta kunna ɗanyen gari. Ki auna nauyi kafin da bayan kowane mataki. A matakin farko kada ki yi mamaki idan nauyin ya ƙaru kaɗan maimakon ya ragu, oksijin ne ƙarfen ya ɗauka, kuma alama ce mai kyau. Domin sanin lokacin da wanki ya isa, ki ɗiga ruwan potasiyom tayosayanet a cikin ɗan ruwan da kika tace. Muddin akwai narkakken baƙin ƙarfe zai koma ja kamar jini, kuma ya fi idonki ganin abin da rawaya ta daina nunawa. Wajen tacewa ki yi amfani da fatar tacewa ta robar PTFE mai ramuka 0.2 na maikiromita, ki jiƙa ta da ɗan etanol tukuna idan irin wadda ruwa ba ya ratsawa ce, amma ki zubar da wannan etanol daban. Ragowar naitirik ko feroksaid ba a haɗa su da etanol ko asiton a kwalbar shara ɗaya, domin gaurayen yana tara iska ya fasa kwalba.

Busasshen garin shi kansa abin kiyayewa ne, domin ba shi da nauyi, yana tashi da motsin hannu kawai. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawara a 2013 cewa kada abin da ma'aikaci ke shaƙa ya wuce maikirogiram ɗaya a kowace mita mai kubik ta iska a tsawon aikin sa'o'i takwas, kuma a 2014 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya nau'i ɗaya na bututai masu bango da yawa, MWCNT-7, cikin rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa daji ga ɗan'adam. Ki riƙa auna garin a cikin akwati rufaffe ko inda ake zuƙar iska a hankali, ki sa takunkumi mai tace ƙura da safar hannu, ki goge teburi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma duk inda zai yiwu ki riƙe samfurin a jiƙe tsakanin mataki da mataki. Idan kin gama zagayen farko, ki kawo mana layin TGA na kafin da na bayan, tare da tudun Raman na ƙasa da 350, mu duba tare ko za ki hau zuwa digiri 325 ko ki koma ga hanyar feroksaid.